Buɗa Baki a Tebur Na Goma Sha Huɗu

Shekara goma sha bakwai Alhaji Abukari yana fita daga gidansa na unguwar Mount Hope da ƙarfe biyu na rana, cikin kaftani mai guga da hula, da baƙar jaka a hannu. Yakan hau bas a titin Tremont ya yi gabas har inda titi ya ƙare a bakin ruwa. A can akwai wani babban ɗakin biki. Ta ƙofar baya yake shiga. Sai ya cire kaftani ya rataye a loka, akwatin ajiyar kayan ma'aikata, ya sa farar shat da baƙin wando da takalmin roba. Aikinsa kwashe faranti da zuba wa baƙi ruwa.

Ba wanda ya san haka a unguwa sai matarsa Adjara. Kuma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Mutanen Zangon Kumasi da suka zo ƙasar Turawan nan suna da ɗabi'a guda: ba a tambayar mutum aikin da yake yi. A ce maka ya aiki, ka ce da godiya, magana ta ƙare. A masallacinsu na titin Grand Concourse shi ake kira idan za a raɗa suna, shi ake kira idan mata da miji sun saɓa. Dakta Tajuddeen, likita ne ɗan Zariya, in ya hango shi a ƙofa yakan matsa ya ba shi wuri a sahun gaba. 'Ya'yansa ma ba su tambaya ba, don yaro ba ya tambayar uba inda ya yini. Kayan aikin kuwa ba su taɓa shiga kwandon wankin gida ba. Da kansa yake wanke su a wani shagon injin wanki da ke kusa da tashar bas ta can.

Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni lokacin prom ne, wato bikin cin abinci da rawa da 'yan ajin ƙarshe na sakandare suke yi kafin su rabu. Makarantu ke kama ɗakin, yau wannan gobe waccan. Alhaji ya ga fiye da ɗari biyu. Ya san tsarin kamar yadda ya san sallarsa. Ƙarfe bakwai su shigo, a yi hotuna. Bakwai da rabi a kai abinci. Takwas da kwata a kwashe komai, faranti da kofi da cokali, a tura tebura gefe, don manaja ba ya yarda da abin fashewa kusa da masu rawa. Daga nan 'yan mata su cire takalma, samari su cusa lakataye a aljihu, a ɗora wa mutum biyu kambi, wata ta je kan matakala ta yi kukanta ta dawo. Shi bai ɗauke shi komai ba. Yara ne.

A watan Afrilun 2018, wata Lahadi da hantsi, autarsa Suweiba ta zo ta durƙusa ta miƙa masa takarda. Ta yi masa bayani da Turanci, tana tsarma Hausa, kamar yadda yaran da aka haifa a nan suke yi. Prom ɗin makarantarsu ne, ranar Alhamis bakwai ga Yuni. Su huɗu za su je, duka mata, babu namiji ko ɗaya. Har da Hajara 'yar Dakta Tajuddeen. Sa hannun uba kawai ake jira.

Alhaji ba ya karatun boko sai da ƙyar. Amma akwai hoto a saman takardar: farin gini, matakala biyu, ruwa a baya. Ya san kowace taga a jikin hoton. Ya daɗe yana kallo.

"Bakwai ga Yuni azumi ne," ya ce.

"Na sani, Baba. Za mu yi azuminmu. Hajara ta ce mu..."

"Ba za ki je ba."

Ta ɗan jira ko zai ƙara wani abu.

"To, Baba," ta ce. Ta tashi ta bar takardar a kan tebur.

Da ta yi kuka, ko ta buga ƙofa, da abin ya zo masa da sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da kawo masa ruwan alwala, ta ci gaba da gaishe shi a durƙushe. Doguwar rigar da uwarta ta riga ta sa aka ɗinka mata, shuɗiya mai dogon hannu da mayafinta, tana rataye a bayan ƙofa cikin leda. Kullum sai ya wuce ta idan zai shiga banɗaki.

Adjara ta bar shi kwana huɗu. Rana ta biyar tana yi masa gugar kaftani ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Alhaji, da Kassim zai je nasa shekara uku da suka wuce, wa ya ɗaura masa lakataye?"

Kassim babban ɗansu ne. Nasu a kan jirgin ruwa aka yi.

"Lokacin ba azumi ba ne."

"Ni ma na ga hoton."

Ta juya kaftanin ta ci gaba da guga.

"Shekara goma sha bakwai nake dafa abin da farantan nan suka kawo," ta ce. "Ban taɓa jin ɗacinsa ba. Ka zaunar da yarinya ka faɗa mata. Ba yarinyar banza ka haifa ba."

"Ita kaɗai za ta gan ni? 'Yar likita fa? Kafin Juma'a ta zagayo, duk masallaci ya ji Alhaji Abukari yana bin bayan yara da tire."

"To sai me?"

"Ba ni rigata."

Ta ba shi.

Ya nemi hutun ranar. Manaja ya ce a watan prom ba mai hutu sai wanda ke kwance a asibiti. Sai ya je wurin Kwabena, mai wankin tukwane a can ƙuryar kicin. Kwabena Ashanti ne kuma Kirista, amma a unguwar Aboabo ta Kumasi ya tashi tsakiyar 'yan Zango, Hausarsa ta fi ta 'ya'yan Alhaji nesa ba kusa ba.

"Ranar bakwai ga Yuni," in ji Alhaji, "kai ka fita gaba, ni in tsaya a tukwane."

Kwabena ya kashe famfo ya dube shi. Opanyin yake kiransa, wato dattijo da yarensu. "Opanyin, kai? Da wannan bayan naka? Wa ka yi wa laifi da kake ɓuya?"

"Za ka yi ko ba za ka yi ba?"

"Zan yi. Ni ma in sa farar riga in ga duniya. Amma in ka ƙona hannu kada ka kira sunana wurin Mma Adjara."

Manaja bai damu ba, muddin faranti sun fita sun dawo. Ranar Lahadi Alhaji ya kira Suweiba ya sa hannu a gabanta, a hankali, harafi bayan harafi. Ya ce ba ya son jin wani labari, kuma Kassim ne zai kai su ya ɗauko su. Ta yi godiya har sau uku. Adjara tana ƙofar kicin tana kallonsu. Shi kuwa ya ga ya gama da maganar.

Azumi ya kama. Kullum in Suweiba ta dawo makaranta da wuri, ita ke haɗa masa abin buɗa baki. In ba za ta dawo da wuri ba, sai ta haɗa tun safe, uwar ta ɗumama. Koko a wani koren filas mai lotsattsen murfi, ƙosai a takarda, dabino bakwai a ƙaramar leda. Ranar bakwai ga Yuni ba ta je makaranta ba, ana yi mata lalle. Duk da haka ta tashi da hannu a ɗage ta sa ƙawarta ta zuba kokon, ita tana tsaye tana cewa a ƙara sukari, Baba ba ya son shi salam. Ya karɓi jakar ya fita.

Wurin tukwane babu taga. Zafi, tururi, ƙarar inji. Ya ɗaura ƙyallen roba a ƙirji ya fara. Kafin ƙarfe shida bayansa ya fara magana, kafin bakwai maƙogwaronsa ya bushe ƙamas. Ya ji lokacin da yaran suka shigo, don kiɗa ya canza kuma ihu ya ratso bango. Ƙofar da ke tsakanin kicin da ɗakin biki tana da ɗan gilashi zagayayye. Bai je kusa da shi ba.

Kwabena ya shigo da gudu ɗaukar tire. "Opanyin, yau akwai 'yan gida. Tebur na goma sha huɗu, yara huɗu da mayafi. Akwai wata mai shuɗi, kai, kamar 'yar sarki. Hancinta ma irin naka."

"Yi aikinka."

Kwabena ya tsaya da tire a hannu. Ya dubi Alhaji, ya dubi ƙofa. Sannan ya fita.

Takwas da kwata faranti suka fara dawowa. Alhaji yana karɓa, yana kankare saura a kwandon shara, yana jerawa a inji. Hannu ya saba, ba ya buƙatar ido. Sai Kwabena ya ajiye masa wani tire. Faranti huɗu, kifi da shinkafa da ganye, ba a taɓa ko ƙwara ba. Kofuna huɗu cike da ruwa, ƙanƙarar ta narke.

"Na ina ne?"

"Goma sha huɗu. Sun roƙe ni in bari, na ce zan tambaya. Manaja ya ce doka doka ce, a kwashe. Ba su ci komai ba, Opanyin. Suna ta duba waya."

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Takwas da minti goma sha tara. Rana za ta faɗi takwas da ashirin da biyar.

Shi ne ya kafa hujja da azumi tun watan Afrilu. Shi ne ya san lokacin da ake kwashe faranti a ɗakin nan fiye da kowa a duniya. Wata biyu yana juya maganar ranar nan a ransa, ta ina zai shiga, ina zai tsaya, wa zai gan shi. Ko sau ɗaya bai haɗa takwas da kwata da faɗuwar rana ba. Yarinya tun ƙarfe uku da rabi na asuba ba ta sa komai a baki ba.

"Mayar musu," ya ce.

"Abin da ya shigo wurin wanki ba ya komawa. Kai ka koya mini. Kuku kuma ya rufe tukunya, sai kek ƙarfe tara da rabi."

Gaskiya ne. Alhaji ya goge hannu ya jawo baƙar jakarsa daga kan kanta, inda ya ajiye ta kusa don kada ya sauka ƙasa in lokaci ya yi. Ya fito da filas, da ƙosai, da dabino. Ya ɗauko kofunan takarda, waɗanda ba sa fashewa, ya cika jug ɗin roba da ruwa. Ya jera a tire ya tura wa Kwabena.

"Kai musu. Ka ce daga kicin."

Kwabena ya dubi koren filas ɗin. "Wa ke cika maka wannan kullum?"

Alhaji ya ƙara tura masa tiren.

"To ni in kai, in ce daga kicin? Opanyin, ka yi haƙuri, amma yarinyar ba makauniya ba ce. Ko dai ka juye kokon a wani abu mu ci gaba da wasan, ko ka ɗauki tirenka."

Akwai kwanuka a gefe. Juye koko ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Alhaji ya dube su. Ya tuna da kaftaninsa a loka, hawa biyu a ƙasa. Sauka da sawa da dawowa sun fi minti biyar ga mai irin gwiwarsa. Agogo ya nuna takwas da ashirin da ɗaya. Manaja ya leƙo ya kira Kwabena ya zo a tura tebura.

Alhaji ya ɗauki tiren. Bai cire ƙyallen roba ba, don hannunsa biyu suna riƙe da kaya. Ya tura ƙofar da kafaɗa kamar yadda ya saba.

Ɗakin ya cika. Tagogin yamma sun yi ja, hasken ya kwanta a kan ruwa. Yara sun fara taruwa a tsakiya, wasu sun riga sun cire takalma. Ya bi gefen bango, tire a daidai kafaɗa, baya a miƙe. Ƙyallen yana ɗigar da ruwa a kan takalminsa. Ba wanda ya kalle shi, don a irin wannan wuri ba a kallon mai tire.

An riga an tura tebur na goma sha huɗu jikin taga. 'Yan mata huɗu suna zaune a gaban farin ƙyalle babu komai a kai sai wayoyi da fure. Hajara ce ta fara ganinsa. Ta buɗe baki ta taɓa Suweiba.

Suweiba ta juyo. Ta dubi filas ɗin, ta dubi ƙyallen, ta dubi fuskarsa. Ya jira. Ya riga ya shirya wa duk abin da zai gani, ko ta kau da kai, ko ta rufe fuska.

Ta tashi, ta tattare shuɗiyar rigar da hannu ɗaya, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda take yi a falo.

"Baba, sannu da aiki."

Da Hausa ta faɗa. Hajara ma ta zame daga kujera ta ce, "Ina wuni, Baba Alhaji." Sauran biyun suka bi su. Yaran da ke kusa suka juyo suna kallon 'yan mata huɗu cikin kwalliya a durƙushe gaban mai wankin tukwane. Wani ya yi dariya, wata ta buge masa hannu.

"Ku tashi," in ji Alhaji. "Ƙasan nan ba a goge shi ba tukuna, za ku ɓata riguna."

Ya ajiye tiren. Ya jera kofuna, ya zuba ruwa ta hannun dama, kofi bayan kofi, ko ɗigo bai zuba a ƙyalle ba. Ya buɗe ƙosai, ya raba koko gida huɗu. Wata malama mai riƙe da takarda ta matso tana tambaya ko lafiya. Suweiba ta amsa mata da Turanci, da murya daidai, ba sama ba ƙasa ba. Alhaji ya ji kalmar uba a ciki. Malamar ta miƙo masa hannu. Ya nuna mata nasa a jiƙe yake, ya ɗan sunkuyar da kai.

Ya duba agogon hannunsa. "Saura minti ɗaya."

Suka jira. Kiɗa yana dukan bango. Manaja ya hango shi daga can, ya ɗaga gira. Alhaji ya ɗaga masa yatsa biyu, wato minti biyu, manaja ya kau da kai.

"Bismillah. Ku sha ruwa."

Suweiba ta ɗauki dabino ta miƙa masa tukuna. Ya karɓa ya ci a tsaye. Ta miƙo kofin kokonta, ya ce a'a, akwai shayi a kicin. Ya nuna musu wata ƙofa a bayan matakala, ya ce akwai ɗakin ajiye kujeru mai tsabta, a nan yake sallarsa, dardumarsa tana kan kujera ta farko, alƙibla wajen ƙaramar taga. Su yi ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, tun yaushe kake nan?"

"Tun kina goye."

Ta dube shi kamar za ta ƙara tambaya. Ya ce, "Ci abincinki." Ya tsaya gefe, hannu a baya, har suka gama. Sannan ya kwashe kofuna da takardar ƙosai, ya share ɓurɓushi da gefen hannu, ya gyara furen, kamar yadda yake yi wa kowane tebur. Ya koma ta inda ya fito.

Kwabena ya same shi a gaban tukwane yana shan baƙin shayi. "Opanyin, na ga an yi maka gaisuwar fada. Gobe ni zan koma tukwanena, ko ka ji daɗin wurin?"

"Ka koma. Ba ka iya riƙe tire ba."

Washegari Juma'a ce. Ya sa kaftaninsa fari ya tafi Grand Concourse. Dakta Tajuddeen ya hango shi, ya matsa ya ba shi wuri kamar kullum. Bayan an idar suna neman takalma, likitan ya kama hannunsa ya ce, "Alhaji, Hajara ta ce ku kuka ba su abin buɗa baki jiya. Allah ya saka da alheri." Bai tambayi komai ba, bai kuma nuna zai tambaya ba. Akwai mutum uku ko huɗu a kusa suna sa takalma.

"A can nake aiki," in ji Alhaji. "Ina kwashe faranti. Shekara goma sha bakwai."

"Allah ya taimaka," in ji likitan.

"Amin."

Ya koma gida ya ɗauki jakarsa. Kafin ya fita ya zaro shat ɗin jiya da baƙin wandon, waɗanda bai tsaya ya wanke a hanya ba, ya jefa su a kwandon wankin gida. Adjara ta gani. Suweiba tana kicin tana zuba koko a filas. Ya karɓa, ya duba agogo, ya tafi ya kama bas ɗin ƙarfe biyu da rabi.